Kwamfuta Mai Ruwan Hoda

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku mako guda cur. Lafiyata ƙalau. Kwamfutata ce ta mutu, kuma garin neman wadda za ta maye gurbinta na ga abin da har yanzu in na tuna sai in ji ƙirjina yana tafasa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Nafiza, shekarata ashirin da shida, ina zaune gidan iyayena a garin Ba da ke ƙasar Fiji, gida na ƙarshe kafin a faɗa gonakin rake. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Na Musulmi ne, na Hindu ne, na coci ne, in dai an kira ni zan saɓi kyamarata in je. Shekara biyar ke nan ina yi. Sannan akwai Faiyaz, yana zaune a Auckland, can ƙetaren teku, yana aikin haɗa na'urar sanyaya ɗaki. Watanmu takwas tare, manya sun shiga maganar, sa rana kawai ya rage. Kuma ina son shi. Gara in faɗa tun yanzu, kada ku ji abin da ya biyo baya ku ce dama hanyar gudu nake nema.

Ranar Litinin da safe na kunna kwamfutar, ta yi wani "ƙiii" kamar ɓera a tarko, sai wari ya taso irin na roba ta sha wuta. Fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Na danna, na girgiza, na cire caja na mayar, har hura mata iska na yi. Shekararta bakwai tana yi mini bauta, amma ta rasa lokacin mutuwa sai makon bikin 'yar Anti Kamla. Kwana uku ne bikin, Alhamis zuwa Asabar, kuma tun wata biyar da suka wuce matar ta kama ni. Katunan ajiyar kyamarata yini ɗaya suke yi su cika. Duk ranar da na tashi aiki sai na juye su a kwamfuta kafin in samu wurin ɗaukar na gobe. In babu kwamfuta, babu biki.

Na fito kicin idona jajawur. Ammi, mahaifiyata, tana murza gurasar roti, yayarta Khala Rehana tana zaune a kujerar roba da kofin shayi. Gidanta yana jikin namu, amma a kicin ɗinmu take karyawa tun ina goye.

"Ammi, kwamfutata ta ƙone."

"Inna lillahi," in ji Ammi, ko daina murzawa ba ta yi ba.

Khala ta kurɓi shayi ta ce, "To alhamdu lillahi."

"Khala, ƙonewa fa na ce ta yi."

"Na ji ki, ai ni ba kurma ba ce. Allah ne ya hutar da ke. Budurwa ta kusa ɗaki tana yawo cikin maza da ƙarfe a kafaɗa, tana hawa kan kujera tana ce wa tsofaffi su matsa. Bikin da ya wuce da idona na gan ki kwance a ƙasa kina ɗaukar ƙafar amarya. Kwance, Nafiza! Da sabuwar riga da wandonki na shalwar!"

"Lallen nake ɗauka."

"Lallen gidanku!"

Ammi ta juya roti ta ce a hankali, "Ki gaya wa Faiyaz mana. Namiji yana jin daɗi in an nemi abu a wurinsa."

Ni ban da niyyar neman komai. Ina da dala dubu ɗaya da ɗari biyu da nake tarawa don in ƙara wa kyamarata gilashi, na riga na ƙudura da su zan sayi wata kwamfutar. Amma ai saurayina ne, wa zan kai wa kuka in ba shi ba? Na koma ɗaki na tura masa hoton gawar da fuskar kuka guda uku.

Bayan azahar ya rubuto: "Share hawayenki, gimbiya. Duba wannan."

Sai ga hoto. Kwamfuta ce 'yar siririya, ruwan hoda, irin kalar kek ɗin suna. Ga rasit a gefe.

Na rubuta: "Kai, Faiyaz! Har ka saya?"

"Har an naɗe."

Wallahi raina ya yi sanyi. Na rungume wayar a ƙirji. Sai kuma mai sana'ar da ke cikina ta ɗago kai.

"Ajiyarta giga nawa?"

"Oho. Bari in duba kwalin." Can sai: "128."

Na zauna bakin gado. Ku da ba ku san harkar ba, biki guda na kwana uku yana cin giga ɗari biyu, wani lokaci da hamsin in dangin ango masu son rawa ne. Ke nan ko biki ɗaya ba zai shiga cikinta ba. Na lallaɓa na rubuta masa haka, da godiya a farko da godiya a ƙarshe, na ce ko shagon za su yarda a canza, in cika da nawa.

Amsarsa na nan a wayata, ban goge ba:

"Nafi, nan da wata huɗu kina nan wurina. Me za ki yi da giga? Ki kalli fim, ki kira Ammi, ki duba girki. Ta ishe ki har ta yi yawa. Ni kalar na duba, ta dace da ke."

Na karanta sau uku. Jama'a, mutumin nan a wurin aiki ya gan ni. A wani biki ne a garin Nadi, ina tsaye kan benci ina yi wa kawunsa tsawa ya fita daga gaban amarya. Shi da bakinsa ya ce mini abin da ya sace zuciyarsa ke nan, yadda ƙato mai gemu ya bi umarnina sum-sum. Wata takwas ina tura masa guntayen aikina yana turo mini hoton wuta da tafi. Sau nawa na ce masa in na zo Auckland bikin 'yan Fiji kaɗai ya ishe ni kasuwa, yana cewa "sosai ma"? Ashe duk a ransa wasan yara nake yi, ana jira in girma in daina.

Na kife wayar.

Kafin la'asar labari ya riga ni zuwa kicin, don ya tura wa Khala hoton ita ma. Ta bi ni da wayarta har bakin famfo.

"Kin ga yaron kirki? Ke ko kunya, wai kin ce a canza. Ana ba ki kyauta kina auna cikinta! Giga, giga, giga, ci za ki yi?"

"Khala, in aka ba ki tukunyar shayi aka ce ki dafa shinkafar palau ta mutum ɗari uku, za ki karɓa?"

"Zan karɓa in yi godiya, in ajiye a kabad."

"To ni ba ta kabad nake nema ba."

Abba yana zaune a baranda yana cire takalmin aiki, ya dawo daga jigilar rake duk toka a gashinsa. Ya ji komai, bai ce uffan ba. Haka yake. A gidanmu in Abba ya yi magana sau biyu a yini to baƙo aka yi.

Talata da sassafe na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na yafa baƙin gyale, na zuba gawar a jaka na hau bas zuwa birnin Lautoka. Ƙawata Unaisi tana da ɗan shagon gyaran kwamfuta a saman wani kantin yadi. Tare muka yi sakandare, ita kaɗai ce mace a layin masu gyara, kuma bakinta ya fi sukudirebanta kaifi.

"A'a, amaryar Auckland! Me ya kawo ki wurin talakawa?"

Na ajiye mata gawar. Ta sunsuna ta ce, "Allah ya ji ƙanta." Ta kwance bayanta, ta leƙa, ta ce allon ciki ne ya soye, kuɗin gyaransa ya kusa na sayen wata kwamfutar. Na nuna mata hoton mai ruwan hoda. Ta ja hoton da yatsu ta karanta jikin kwalin, sai ta fashe da dariya har tana dukan tebur.

"Nafi, wannan ai ta 'yan firamare ce. Ajiyar a liƙe take, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Kuma cikin ɗari da ashirin da takwas ɗin, ita kanta za ta cinye kusan arba'in kafin ki zuba ko hoton kyanwa. Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Faiyaz."

Ta daina dariya. "Ya tambaye ki kafin ya saya?"

"A'a."

"Hmm," in ji ta. Ta janyo kujera. "Nawa ne a hannunki?"

Na gaya mata. Ta kulle shagon muka sauka, ta zaga da ni kantuna uku a cikin ranar nan mai narka kwalta. Duk inda muka shiga sai mai kanti ya nufe ni da mai kyalli yana cewa "wannan mata suna son ta," ita kuwa Unaisi ta juya kwamfutar ta karanta gindinta kamar mai duba kifi a kasuwa.

A kantin farko akwai sabuwa dal, dubu da hamsin, ajiyarta tera guda, wato giga dubu. Idona ya yi ƙyalli. Unaisi ta taka mini ƙafa.

"Faifai mai juyawa ne, irin na da. Motar raken Abbanki ce, tana ɗaukar kaya amma sai ki yi salla ki dawo ba ta haye gada ba. In kika ɗora mata bidiyon biki kina yanka, sai amarya ta haihu ba ki gama ba."

A na biyu akwai wata dubu da ɗari da hamsin, mai SSD, wato ajiyar da babu abin da ke juyawa a cikinta. Mai kanti ya kunna, kafin in gyara gyalena ta buɗe. Amma giga ɗari biyu da hamsin da shida ce kawai.

"Wannan kuma tasi ce," in ji Unaisi. "Gudu kamar iska, fasinja huɗu. Biki ɗaya ya cika ta, kuma ba ki da canjin sayen wani faifai."

Wadda ta haɗa gudun da faɗin cikin tana kanti na uku, dubu biyu da ɗari uku. Ko taɓa ta ban yi ba, kada mu saba.

Muka koma shagonta na zube a kujera, ƙafata tana zogi, raina a jagule. Har na fara tunanin ko Khala ce da gaskiya, ko ni ce mai taurin kai. Sai Unaisi ta durƙusa ta janyo wata baƙar kwamfuta daga ƙarƙashin tebur. Kauri gare ta kamar katakon yanka albasa, ga zane a murfin, ga tabon takardar da aka ɓamɓare.

"Kada ki kalli fuskarta. Wani ofis ne suka canza nasu na sayi biyar. Shekararta uku. SSD ɗinta giga ɗari biyar da goma sha biyu, ƙwaƙwalwarta ta ninka ta waɗancan sababbin. Kuma kin ga nan?" Ta buɗe bayanta ta nuna mini wani gurbi. "Ɗaki ne na faifai na biyu. In sa miki sabon mai juyawa na tera guda. Ki yi aiki a kan mai gudun, in kin gama ki tura kaya sito. Ita ɗari takwas da hamsin, faifan ɗari da sittin."

"Aibinta fa? Don na san ki, sai na tambaya."

"Batirinta awa biyu ne, in kin ci sa'a. Garantina wata shida. Kuma muni gare ta, ko ɓarawo ba zai so ta ba."

Ta ciro faifan tsohuwar kwamfutata, ashe shi bai ƙone ba, duk aikina na shekara biyar yana ciki. Na kusa yin kuka. Ta zura shi a wani ɗan gida mai igiya na dala ashirin da biyar.

"Wannan tsoho ne, kada ki amince masa shi kaɗai. Duk bikin da kika ɗauka ya kwana wuri biyu, ciki da waje. Ranar da faifai ya mutu da bikin 'yar mutane a ciki, ba shagona za ki gudo ba."

Na sa ta juye wani tsohon biki a kan SSD ɗin, na ja shi gaba na ja shi baya. Ko tuntuɓe bai yi ba. Na biya, na rungumi mummunata, na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Muka ci kifi da rogo a ƙasan benen. Da za mu rabu Unaisi ta riƙe hannuna.

"Nafi, ni ba ruwana da soyayyarku. Amma ko ni da nake sayarwa, sai na tambayi mutum aikin me zai yi da ita."

Bayan la'asar na sauka daga bas. Tun daga bakin layi na hango farar motar haya a ƙofar gidanmu. Ga takalma masu sheƙi a baranda, ga ƙamshin turaren da na sani.

Faiyaz ne zaune a falo. Farar riga, agogon azurfa, an yi aski an gyara gemu. Ya miƙe yana murmushin nan nasa mai lotsa kumatu ɗaya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na mayar masa da murmushin. Wata biyar ban gan shi ido da ido ba.

"Na ce bari in kawo da kaina," in ji shi. "Hutun kwana biyar na ɗauka."

Ammi ta canza zuwa koren shalwar ɗinta na salla, an fito da kofunan kabad masu bakin zinariya, ga samosa ga gulgula, irin fankenmu, a faranti. Abba yana kujerarsa ta kusurwa da hula. A tsakiyar tebur ga kwalin, an ɗaure shi da jan kirtani mai fure.

Khala ta hango jakar hannuna. "Mene ne wannan kika rungumo?"

Na ciro ta na ajiye gefen kwalin. Khala ta dafe ƙirji ta dubi Ammi.

"Gwanjo! Rukhsana, zo ki ga 'yarki! Yaro ya keto teku da sabuwa fil, ita ta je ta kwaso wadda wasu suka gama tsotsewa!"

Faiyaz ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba. "Ba komai, Khala. Sai a ba wani."

Na danne zuciyata. Na ce, "Na gode da kyautarka, Faiyaz, har raina. Amma wannan ta aiki ce. Bari ma in gaisa da kai in je in shirya ta, jibi ƙarfe takwas ina gidan Anti Kamla."

Ammi ta shiga gyara kofunan da babu abin da ya same su. Khala ta ɗaga ido tana kallon fanka.

"Ai wannan maganar an gama ta," in ji Faiyaz.

"Wace magana?"

"Na kira matar da safe, daga filin jirgi. Khala ta ba ni lambarta. Na ce uzurin iyali ya taso miki, ba za ki samu zuwa ba. Na haɗa ta da wani situdiyo a Nadi, in akwai ƙari ni zan cika. Alhamis za mu Suva, babban birni, neman takardun tafiyarki, Asabar kuma su kawu za su zo a sa rana. Kwana biyar gare ni, Nafi. Ba zan ƙarar da su ina jiran ki gama ɗaukar rawar mutane ba."

Na zaro wayata daga ƙasan jaka, tun a shagon Unaisi na rufe mata murya. Kira huɗu, duk Anti Kamla. Da saƙo ɗaya:

"Nafiza, da bakinki ya kamata in ji. Wata biyar ina gaya wa mutane ke za ki ɗauki bikin Shalini. Saura kwana biyu. Ban zaci haka daga gare ki ba."

Matar nan ita ta fara ba ni aiki lokacin da kowa yake cewa yarinya ba za ta iya ba. Rabin bukukuwan da na yi a Ba daga bakinta suka fito. Shekara biyar ban taɓa makara ba, ban taɓa ɓatar da ko minti ɗaya na bikin wani ba. Shi ne mutum ya sauko daga jirgi, ko gidanmu bai iso ba, ya ɗauki sunana ya yi ƙarya da shi.

"Ammi, kin sani?"

"Nafiza, don alherinki…"

"Kin sani ke nan."

Na danna lambar Anti Kamla, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na ɗora ta a kan kwalin mai kirtani.

"Faiyaz, in ta ɗauka ka gaya mata ba ni na aike ka ba, kuma jibi ƙarfe takwas ina gidanta. In ka faɗa da bakinka, sai mu zauna ni da kai mu yi maganar Suva da ta rana, ka tambaye ni in ba ka amsa. In ba za ka iya ba, ni zan faɗa, kai kuma ka ɗauki kwalinka."

Fuskarsa ta canza. "A gaban iyayenki za ki yi mini haka?"

"Kai a bayan idona ka yi mini."

Khala ta zabura ta miƙe, gyalenta ya zame, ta juya wajen Abba. "Hanif! Kana zaune kana kallo? Ka yi wa 'yarka magana kafin ta kashe aurenta da hannunta!"

Abba ya ajiye kofinsa a hankali. Ya dubi Khala, ya dubi Faiyaz, ya daɗe yana dubansa.

"Ku yi shiru," in ji shi. "Ana kira."

Wayar ta yi ƙara ta uku, ta huɗu. Sai muryar Anti Kamla ta cika falon, a shaƙe kamar wadda ta yi kuka.

"Nafiza? Ina jin ki."

Faiyaz ya dubi wayar, ya dube ni, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya zaro hannunsa daga aljihu ya miƙa shi wajen tebur, ni kuwa wallahi ban san ko ɗauka zai yi ko kashewa ba. Yadda ta kaya, sai a rubutu na gaba.